Ruwan famfo ko na burtsatse: wanne za a ba yara a Kano?

Wani ɗan'uwa daga cikinmu ya ce ya tare a sabon gida a birnin Kano, famfonsu yana kawo ruwa sau biyu ko uku a mako, wani lokaci da ɗan jaja-jaja, a maƙwabta kuma akwai burtsatse mai ruwa garai-garai wanda 'yan garuwa suke ɗiba, shi ne yake son sanin wanne ya fi aminci ga iyalinsa, musamman da yake akwai jaririya a gidan. Malam, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a sha'anin ruwan sha idon yakan yi kuskure, domin yawancin abin da ke kwantar da mutum a cikin ruwa ba a ganinsa.

Mu fara da asalin kowanne. Ruwan famfon Kano ruwan kogi ne: matatar Tamburawa da ke hanyar Zariya tana ɗiba daga Kogin Kano wanda madatsar Tiga take shayarwa, tsohuwar matatar Challawa kuma, wadda take nan tun zamanin Turawan mulki, tana ɗiba daga Kogin Challawa. Ruwan kogi yana zuwa da laka da ƙazanta, shi ya sa ake zuba masa alif domin lakar ta dunƙule ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, sannan a sa masa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Ana barin ɗan ragowar kulorin ɗin da gangan domin ya raka ruwan har bakin famfo, saboda haka wannan warin magani da wasu suke ƙyama alama ce mai kyau. Ruwan burtsatse kuwa ba wanda ya yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙasa ce kaɗai ta tace shi, kuma ingancinsa ya rataya ne a kan zurfin ramin, da yadda aka toshe wuyansa da siminti, da abin da ke binne kusa da shi.

Raunin ruwan famfo yana kan hanya ne, tsakanin matata da gidanka. Bututun da ruwa ke gudana a cikinsa dare da rana, ko ya tsage, waje zai riƙa fesawa. Amma idan aka ɗauke ruwa kwana biyu ko uku bututun ya zama fanko, sai tsagar ta koma ƙofar shiga, ta zuƙo duk abin da ke kewaye da ita. Na taɓa tsayawa a wani lungu ina kallon siraran bututan roba guda shida da masu gidaje suka ja da kansu, duk suna kwance a cikin kwata, an ɗaure mahaɗar ɗaya da tsohon tif na babur, baƙin ruwan wanke-wanke yana malala a kansu. Ranar da aka kawo ruwa famfon irin wannan gida zai fara da tari da furzar da iska, sannan ya zubo da ruwa mai launin shayi, kuma wannan ɗiban na farko shi ne mafi haɗari, ko wanke kwanon jaririya bai kamata a yi da shi ba.

Raunin burtsatse yana ƙarƙashin ƙasa, inda ba mai leƙawa. Masana suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma a unguwannin da gida ke manne da gida, kowane kuma da shaddarsa, da wuya a sami wannan tazara. Da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa, abin da ke cikin shadda ya tsiyaya ya same shi. Daga nan ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa suke samun hanya, kuma ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da kwalara ta hallaka mutum fiye da dubu uku a Najeriya, Kano da Jigawa da Bauci suna cikin jihohin da abin ya fi shafa.

A nan ne bambancin da ya fi damuna yake. Matsalar ruwan famfo galibi ƙwayoyin cuta ne da laka, kuma dukansu ana maganinsu a gida: a bar ruwan ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, a tafasa shi ya yi minti guda yana zaɓalɓala, ko a sa masa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin a jira rabin awa. Burtsatsen da ke kusa da shadda kuwa yana iya ɗaukar sinadarin naitiret, wanda ba shi da launi ko wari, tafasawa kuma ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa kauri tun da ruwan ne yake ƙonewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa miligiram 50 a kowace lita, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi cutarwa, domin yana rage wa jininsu ƙarfin ɗaukar iska. Wanda yake zaune kusa da masana'antun jima na Sharaɗa ko Challawa ko Bompai yana da ƙarin dalilin yin hattara, tun da ruwan jima yana ɗauke da ƙarafa masu guba waɗanda wuta ba ta kashewa.

Saboda haka a ra'ayina, ga gida mai jaririya, ruwan famfon da aka bari ya zuba har ya washe sannan aka tafasa ya fi ruwan burtsatsen da ba a taɓa gwadawa ba. Idan mai burtsatsen ya kai ruwansa ɗakin gwaji aka duba naitiret da ƙwayoyin cutar bayan gida aka same shi lafiya, hukuncin zai iya juyawa, sai dai a tuna cewa jarkar ɗan garuwa da gansakuka ta yi wa kore a ciki tana iya ɓata ruwan da ya fito da tsabta. Ruwan leda ba ka tambaya ba, amma yawancinsa daga burtsatse yake, kuma lambar NAFDAC da ke jiki ba ta san kwana nawa jakar ta yi a rana ba.

Ita jaririyar, in dai ba ta kai wata shida ba, nonon uwa ya wadatar da ita, ba sai an ba ta ruwa ba. Sauran yaran kuma a ware musu mazubi mai murfi da ƙaramin famfo a jiki, domin moɗar da kowa ke tsomawa a randa da hannunsa tana mayar da dafaffen ruwa inda ya fito.