Malbec na Ajantina ko na Cahors: wanne za a kai wa Baba?

Ƙanwata, kin tambaye ni wanne za ki saya cikin kwalaben jan ruwan inabi biyu. Ɗauki Clos de los Siete ɗin na Ajantina, ki bar na Cahors na Faransa a kan kanta. Tunda kin ce Baba za a kai wa a Kirsimeti, kuma a ranar za a buɗe shi a kan gasasshen rago, ni ban ga abin dogon tunani ba.

Kwalaben biyu da kika turo hotonsu inabi ɗaya ne ginshiƙinsu, wato Malbec. Asalinsa ma ɗan Cahors ne, can kudu maso yammacin Faransa a bakin kogin Lot. A 1853 aka kawo shirin kafa makarantar noma a Mendoza ta ƙasar Ajantina, aka damƙa ta a hannun wani masanin noma Bafaranshe, Michel Aimé Pouget, shi ya shigo da dashen inabin Faransa har da wannan. Shi ya sa duk 17 ga Afrilu masu sana'ar suke bikin ranar Malbec. A gida Faransa kuwa inabin ya sha wuya. Ƙwaron da ke cin saiwa ya cinye gonaki a ƙarshen ƙarni na 19, sannan jauran 1956 ya ƙarasa da yawa daga abin da ya rage. A Mendoza ya samu wurin zama ya miƙe ƙafa.

Dalilin da ɗanɗanonsu ya rabu shi ne ƙasa da rana. Gonakin Clos de los Siete suna Kwarin Uco na Mendoza, a gindin duwatsun Andes, sama da mita 1,000 daga doron teku. Wurin kusan hamada ne, da narkakkiyar ƙanƙarar duwatsu ake ban ruwa. Da rana hasken yana da ƙarfi, ɓawon inabin ya yi kauri ya nuna sosai. Da dare sanyi ya sauko, tsamin ya tsaya a cikin ɗan bai gudu ba. Abin da ke zuwa kofinki ke nan, nunannen 'ya'yan itace mai ɗan tsami da ke riƙe da shi, baurinsa kuma mai laushi. Michel Rolland, mashahurin mai haɗa ruwan inabi daga yankin Bordeaux, shi ya jagoranci aikin tare da wasu iyalai Faransawa, kuma girbin 2002 ne na farkon da suka fitar. Gauraye ne, Malbec ne ya fi yawa a ciki, sai inabin Merlot da Syrah da Cabernet Sauvignon da ɗan abin da ba a rasa ba na wasu. Adadin yana canjawa daga shekara zuwa shekara, ki juya kwalbar ki duba bayanta.

Kar ki raina gaurayen. Akwai masu ganin in ba zallan Malbec ba ne to an yi algus. Ko kusa. Malbec shi kaɗai yakan cika baki da farko sannan ya ɓace da wuri. Cabernet ne ke ba shi ƙashi ya daɗe a harshe, Merlot ya cike tsakiya, Syrah ya kawo ɗan ƙamshin masoro. Manyan kwalaben Ajantina da yawa gauraye ne, har da Cheval des Andes da ake ji da shi. A dokarsu ma, wanda aka rubuta wa Malbec kawai yana iya ɗaukar har kashi 15 cikin 100 na wani inabin.

Ni a Jos na san shi, gidan yayana, da hunturu. An gasa cinyar rago a tsakar gida, gishiri da albasa kawai, ba a cika yaji ba. Na buɗe kwalbar tun ana hura gawayi na ajiye ta a inuwa. Da aka zuba, launinsa ja ne mai duhu har yana neman komawa shuni, in ka karkata kofin a kan farin faranti sai ka ga bakinsa ya yi ja mai haske. Ƙamshin farko na nunanniyar ɗinya ne, daga baya wani ƙamshi mai kama da koko da kanumfari ya biyo, wannan daga gangar katakon da ya kwana a ciki ne. Kawunmu, dattijon da ya saba cewa jan ruwan inabi magani ne kawai aka sa wa kwalba mai kyau, ya kurɓa ya yi shiru, ya yanki nama ya sake kurɓa, sannan ya miƙo kofinsa ba tare da ya kalli kowa ba. Matar yayana ta yi ta yi masa tsiya har dare. Kitsen ragon ya kwantar da baurin, ruwan inabin kuma ya wanke maiƙon daga baki, sai kowace loma ta zama kamar ta farko. Tun daga nan ba na rasa kwalba ɗaya a gida.

Na Cahors fa? Dokarsu ta ce aƙalla kashi 70 cikin 100 Malbec ne, sauran Merlot ko Tannat, kuma tun da can baƙin ruwan inabi ake ce masa saboda duhunsa. Wanda na taɓa saya sabon girbi ne, bauri ya ɗaure mini dasashi, rabinsa a tukunyar nama ya ƙare. Masu sonsa za su ce in ya shekara biyar ko fiye a wuri mai sanyi yana zama wani abu dabam, kuma yanzu akwai masu yin mai laushi. Na yarda. To amma Baba ba ajiya zai yi ba, kuma ɗakunanmu ba na ajiyar ruwan inabi ba ne.

Wanda ma zai iya ɓata miki ranar shi ne mai shago, ko wanne kika ɗauka. Jabun kwalabe sun yi yawa, musamman daga Nuwamba zuwa ƙarshen shekara. Kin tuna a Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu a Aba, ta tarar ana ɗura jabun giya da lemo a kwalaben kamfanoni sanannu. Tsofaffin kwalabe ake tsintowa daga wuraren biki a wanke a sake cikawa. Saboda haka ki duba abin da aka naɗe wuyan kwalbar da shi, in ya yi tattara ko ya nuna alamar manni, ajiye. Takardar jiki ta zauna daidai, rubutun ya fito tsaf, ba harafin da ya ɓace. A baya ki nemi sunan kamfanin da ya shigo da ita da lambar rajista. Ki jera kwalba biyu ko uku ki ga ko cikarsu ɗaya. In mai shago ya ce zai ba ki a rabin kuɗin da sauran shaguna ke sayarwa wai don ke 'yar gida ce, ki yi masa godiya ki fita. Dala ba ta sauka don kowa ba. Kuma kar ki yarda da “ai iri ɗaya ne” in ya ɗauko miki wata kwalbar mai hoton dutse da sunan Sifaniyanci.

Akwai kuma ta gaskiya wadda zafi ya dafa. Duk kwalbar da aka jera a bakin taga rana na dukanta, ko toshinta ya ɗan turo sama, ko kika ga busasshen jan zirin da ya gangaro daga wuya, ta riga ta lalace ko da daga Mendoza ta taso. Shago mai na'urar sanyaya ɗaki za ki nema, ki karɓi rasit, kuma kar ki bar ta a but ɗin mota kina zagayen kasuwa.

Ranar sha, ki sa ta a firij kamar minti 20 zuwa 30, ta sauko wajen digiri 16 zuwa 18. Da ɗumi barasar ce ke fara bugun hanci, da sanyi ƙarara kuma ƙamshin ya ɓuya. Kar a jefa ƙanƙara, kar kuma wani ya zuba lemo a ciki a gabanki. A buɗe ta kamar awa ɗaya kafin abinci, in akwai tsaftataccen jug na gilashi a juye a ciki ya sha iska. Ki zuba kaɗan ki shinshina kafin a kai wa Baba. In kin ji warin jiƙaƙƙen kwali ko na ɗakin da ya yi danshi, toshin ne ya ɓata shi, ki mayar. A zuba sulusin kofi kawai don a samu wurin juyawa. Bayan an haɗiye a ɗan dakata, mai kyau ɗanɗanonsa yana zama a baki, na banza kafin ki ajiye kofi ya tafi.

Naman kuma a rage masa barkono. Ƙarfin barasar wannan ruwan inabin yana kai kashi 14 cikin 100 ko ɗan fiye, in ya haɗu da yajin tsire mai zafi wuta kawai za a ji. Balangu ko gashin gishiri ya fi dacewa da shi, yajin a ajiye a gefe. Wanda zai tuƙa ku gida a ba shi zoɓo.

Ki kuma tambayi mijinki tukuna ko fasto ko dattawan ikkilisiya za su kasance a teburin, don a gidaje da yawa namu ba a ajiye kwalba a gabansu. In za su zo, ki kai wa Baba tasa a ɗaki tun jajibere. In masu sha sun wuce biyar, sayi biyu daga shago ɗaya, shekarar girbi ɗaya, don kwalba guda kofi biyar take bayarwa.