Hedifon ko sifika, amfilifaya ko manhaja: me mai kiɗan metal a ɗaki zai fara saya?

Ƙanen wani abokina da ke Marwa ya turo min waƙarsa ta WhatsApp a watan jiya, ya biyo ta da saƙon murya: "Yaya, don Allah ka saurara ka faɗa min gaskiya. Na tara 'yan kuɗi, ina so in sayi sifikun situdiyo, ko abin zai fito." Na sa a kunne. Yaron ya iya jita, hannunsa da tsafta, amma waƙar ta cakuɗe. Jita ta danne komai, ba a jin bas, wato jita mai sautin ƙasa, gangar ƙafa kuwa kamar a gidan maƙwabta ake buga ta. Na ce masa, "Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna." Mu masu son kiɗan metal, wato kiɗan nan na jitar lantarki mai gurnani da ganguna masu ƙarfi, a arewacin Kamaru da Cadi ba mu da yawa, kayan kuma daga nesa suke zuwa, daga Duwala ko Kano ko hannun ɗan'uwa mai dawowa daga Turai. In ka yi sayen kuskure babu mai karɓa ya canza maka. Shi ya sa nake so mu auna kafin mu biya.

Mu fara da abin da ya so saya. Sifikun situdiyo irin su Yamaha HS5, KRK Rokit 5 da JBL 305P kaya ne masu kyau, babu gardama. Matsalar ɗakunanmu ce. Bulo da siminti, ƙasa tayil, sama kwano, kuma sau da yawa tsawo da faɗin ɗakin kusan ɗaya. A irin wannan ɗaki sautukan ƙasa, irin na bas, na taruwa a kusurwa su ɓace a tsakiya. Kana zaune ka ji bas ta yi yawa ka rage, ka miƙe ka matsa taku biyu ka ji babu ita. Abin da kake ji rabinsa waƙarka ce, rabinsa bango. Ga shi HS5 ba ta sauka ƙasa da wajen Hz 54 (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sautin ƙasa), alhali tsirkiyar ƙarshe ta jitar bas tana kan Hz 41, kuma masu metal sukan sassauta tsirkiya su sauka ƙasa da haka. Sannan akwai maƙwabta. Yawancinmu bayan sallar Isha'i muke samun sukuni, kuma ba tarbiyya ba ce ka saki gurnanin jita a unguwa mutane na kwance.

Don haka ni a ganina hedifon ne farko, kuma a nan ya kamata mutum ya buɗe bakin aljihu. Audio-Technica ATH-M50x ya fi suna, amma yana ƙara wa bas armashi, sai ka ɗauka ƙasan waƙarka ya cika alhali bai cika ba. Ƙanensa ATH-M40x ya fi shi arha, kuma a kunnena ya fi shi faɗin gaskiya. Sony MDR-7506, wanda ake sayarwa tun 1991, yana da kaifi a sama. Wasu na cewa yana gajiyar da kunne, haka ne, sai dai ga mai metal wannan kaifin alheri ne, domin duk wani tsit-tsit mai sukar kunne da ke saman jita ba ya iya ɓuya masa. Beyerdynamic DT 770 Pro yana zuwa kala uku, mai om 32, mai 80 da mai 250 (om ma'aunin turjiyar wuta ne). Ka ɗauki mai 80. Mai 250 yana son ƙarfin da ƙananan katunan sauti, waɗanda za mu zo kansu, ba su cika bayarwa ba. Wani abin da ba a faɗa a tallar kaya: matashin kunnen mai om 80 na yadi ne mai laushi. Wanda ya taɓa zama awa uku da hedifon mai fatar roba a zafin Garwa na watan Maris ko Afrilu, zufa na gangarowa ta bayan kunne, fatar na ɓarewa tana manne masa a kumatu, ya san darajar wannan. AKG K240 kuma bayansa a ɗan buɗe yake, sautinsa da sarari, amma ƙarar babura na shigo maka, kuma in kana ɗaukar murya kiɗan zai zubo cikin makirfo. In ɗaya kawai za ka saya, sayi mai rufaffen baya. Ka kuma yi hattara da jabu, sun cika kasuwa, farashin da ya yi daɗi fiye da kima alama ce.

Hedifon ma yana da nasa ruɗin, yana sa ka ji hagu da dama sun fi faɗi. Maganinsa kyauta ne: duk abin da ka haɗa ka saurare shi a sifikar waya, a ƙaramar sifikar Bluetooth, in ka samu har a mota. Ai a nan mutanenmu za su ji shi.

Na biyu, katin sauti, akwatin nan da ke shigar da jita cikin kwamfuta. Behringer UMC22 shi ne mai sauƙin kuɗi, amma iyakarsa bit 16 a ma'aunin ingancin ɗauka, kuma ba shi da direban kansa a Windows, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, sai ka jingina da direban gama-gari ASIO4ALL. UMC202HD ya ɗara shi kuɗi kaɗan, yana da bit 24 da direbansa da ƙofa biyu. Bambancin ya cancanci a ƙara kuɗin. Focusrite Scarlett Solo na da ƙofar makirfo ɗaya da ta jita ɗaya, 2i2 kuma zai karɓi makirfo biyu a lokaci guda. In kai kaɗai kake aiki Solo ya ishe ka, in kana tunanin ɗaukar makaɗa biyu tare sai ka duba 2i2 ko UMC202HD. Dalilin da na nace kan direba shi ne jinkiri. Metal kiɗa ne na gudu, in ka kaɗa tsirkiya sautin ya makara ko da ƙiftawar ido ne, hannunka zai rikice. Da direba mai kyau za ka iya sauke ma'ajin sauti (buffer), saitin da ke rage ko ƙara jinkiri, zuwa 128, wanda a saurin ɗauka na kHz 48 bai kai milisakan 3 ba. Duk waɗannan katuna ta USB suke cin wuta, wato in an ɗauke wuta kwamfutar cinya na kan batir aikinka bai tsaya ba.

Maganar wuta kuwa, bari in ɗan tsaya a kanta, don ta fi ɓata mana ɗauka fiye da rashin kaya. Wutarmu mai Hz 50 ce, gidaje da yawa kuma ba a haɗa musu wayar ƙasa ba. Ka jona jita, ka ɗaga gen (gain), wato maɓallin ƙara wa jita ƙarfi da gurnani, sai ka ji wani "zzzz" ya cika kunne. Ka ɗora tafin hannu kan tsirkiya ya lafa, ka ɗaga ya dawo. Kafin ka zargi katin sauti, zare cajar kwamfuta ka ɗauka a kan batir, kashe fanka, ka juya jikinka da jitar a hankali kamar mai neman tashar rediyo har ka sami kusurwar da ƙarar ta fi raguwa. Ka sa alama a ƙasa da alli. Igiyar jita mai kyau, gajera, ta fi doguwa mai arha. Sitabilaiza kuma ba ta gyara sauti, amma tana kare kayanka, musamman in janareta kake amfani da shi.

Yanzu babbar tambaya: amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa jita ƙarfi da gurnani, ta gaske ko ta cikin kwamfuta? Sautin da muke ji a faya-fayan metal na shekaru talatin da suka wuce, mai yawa daga cikinsa ya fito ne daga irin su Peavey 5150, wadda ta fito a 1992 daga baya aka sauya mata suna zuwa 6505, an jona ta da akwati mai sifika huɗu na Celestion Vintage 30, an kafa makirfo Shure SM57 a gaba. Wat 120 ce. Ka yi tunanin ɗauko wannan kaya a jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngawundare, a ɗora a mota zuwa Garwa ko Marwa ko Kusiri, sannan in kwalbar lantarkin da ke cikinta (tube) ta mutu ka rasa inda za ka samu. Kuma ba ta ba da daɗinta sai an ɗaga ta. Ban ba kowa wannan shawara ba. A cikin kwamfuta kuwa, manhajar Neural Amp Modeler kyauta ce, tana kwaikwayon amfilifayoyi na gaske da kyau sosai. Emissary ta Ignite Amps ma kyauta ce, haka TSE 808 mai kwaikwayon Tube Screamer, ɗan akwatin da ake takawa don ƙara wa jita kaushi. Na kuɗi irin na kamfanin Neural DSP na ƙasar Finlan suna da sauƙin aiki, komai a haɗe, kuma suna ba da gwajin kwana 14. Ka gwada, amma kada ka saya sai ka ƙure na kyauta. Abin da ya fi sauya sautin jita shi ne ɗan fayil ɗin da ke kwaikwayon akwatin sifika da makirfo, wanda ake kira IR. Ka zaɓi biyu ko uku ka tsaya a kansu.

Dabarar Tube Screamer tsohuwa ce: a sa ta gaban amfilifaya, a mayar da maɓallin kaushinta (drive) sifili, a ɗaga ƙarfin fitarta. Tana rage kumburin ƙasa, sai bugun da kake danne tsirkiya da gefen tafin hannu ya fito a ɗaure. Gen kuma ka rage shi fiye da yadda ranka ke so. Kana kaɗawa kai kaɗai gen mai yawa na da daɗi, a cikin waƙa kuwa yana mai da jita kamar ruwan sama a kan kwano. Sabbin tsirkiyoyi su ne saye mafi arha da ke gyara sauti nan take, don ƙurar hunturu da zufa na kashe su da wuri. In kana sassauta su zuwa ƙasa, nemi masu kauri, kamar fakitin da aka rubuta wa 11 zuwa 56.

Manhajar ɗauka ba sai an daɗe a kanta ba. Reaper dalar Amurka 60 ce ga mai aikin kansa, da gwajin kwana 60, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukarta. In hannunka ya riga ya saba da FL Studio zauna a nan. Audacity ta yi kaɗan ga wannan aiki.

Manhajojin ganguna: MT Power Drum Kit 2 kyauta ce, akwai kuma sigar kyauta ta Steven Slate Drums. EZdrummer 3 na kamfanin Toontrack na kuɗi ne, yana da daɗin aiki. Babban yayansa Superior Drummer 3 ya haura gigabait 200 in za ka sauke shi duka, wanda ga mai sayen data a waya magana ce babba. Ko wanne ka ɗauka, kada ka bar kowane bugu a kan 127, ƙarshen ma'aunin ƙarfi. Makaɗi na gaske hannunsa na hawa da sauka. Makirfon murya kuwa, SM58 ko SM57 ya fi dacewa da mu a kan masu ƙarfin ji na situdiyo, waɗanda za su kwaso maka carar zakara da hayaniyar yaran layi. Ka jingina katifa a bango bayanka ka yi ihunka.

Sai abin da ya fi damun waƙar yaron nan, wanda babu shagon da ke sayar da maganinsa, wato tsarin kiɗan. Ya ɗauki jita sau ɗaya, ya kwafa, ya tura ɗaya hagu ɗaya dama. Wannan ba ya ba da faɗi, ƙarfi kawai yake ƙarawa a tsakiya. Sai ka kaɗa sau biyu da hannunka, domin 'yan bambance-bambancen da ke tsakanin ɗauka biyu su ne faɗin. Tsakiya kuma a bar wa bas da gangar ƙafa da murya. Ka yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 80 zuwa 100 a jita, ka sassabe samanta daga wajen kHz 10, ka duba tsakanin Hz 200 da 400 inda laka ke taruwa. Nauyin da kake ji a metal yawanci bas ce ke ba da shi. Faifan Metallica na 1988, ...And Justice for All, har yau ana maganarsa saboda kusan ba a jin bas a ciki, kuma duk iya kiɗan da ke cikinsa za ka ji ƙasansa a bushe. Ka sa wa saman bas ɗinka ɗan kaushi, shi zai sa a ji ta a sifikar waya. Gangar ƙafa ma haka, "tak" ɗinta na wajen kHz 3 zuwa 5 ne ke ratsa jita. Kada kuma ka matse waƙa don neman ƙara, tunda Spotify da YouTube na sauke masu ƙarar gaske zuwa wajen LUFS -14 a ma'aunin ƙarar waƙa. Youlean Loudness Meter na auna wannan kyauta.

Abin da ya fi faranta min rai a waƙar tasa shi ne ya sa kalangu a cikinta. 'Yan Arka'n Asrafokor na Togo sun nuna cewa gangunan gida na zama daram a cikin metal. Amma kalangu magana yake yi, muryarsa na zaune daidai inda jita take. In ya buɗe baki, jita ta ja da baya, ta riƙe dogon sauti ɗaya ko ta yi shiru na ɗan lokaci, kamar yadda 'yan amshi ke saurara wa mawaƙi. Algaita ma haka, kada ka haɗa ta da jitar da ke kuka a sama lokaci guda, a bar su su riƙa karɓeɓeniya.

Ƙanen nawa ya sayi ATH-M40x da tsirkiyoyi fakiti uku, katin sautin da yake da shi ya ci gaba da aiki. Ya sake ɗaukar jitocin sau biyu a kan batir, ya turo min shekaran jiya. Yanzu ana jin bas har a waya. Kalangun ne bai gamsar da ni ba, don da makirfon waya ya ɗauke shi a tsakar gida, iska na kaɗawa. Mun yi da shi bayan Sallah zan hau mota zuwa Marwa da SM57 ɗina, mu kira makaɗin mu sake ɗauka a cikin ɗaki.