Hattara da mai sayar da murfin kwalbati yana cewa daktail ne, ya cinye min miliyan 2 da dubu 220

Wallahi tun jiya nake rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa kar wani ya faɗa ramin da na faɗa. Murfin kwalbati guda 12, kowanne naira dubu 185, jimilla miliyan 2 da dubu 220. Na tura masa cas ba ragi, yanzu 3 sun fashe kamar an yar da tukunyar ƙasa, shi kuma ya yi min bulokin ko ta ina.

Kafin wani ya zo kwamen ya ce araha ba ta ado, ba araha na bi ba. Farashinsa kusan ɗaya da na kasuwa, abin da ya ƙara sa na saki jiki kenan. Kuma ni ba jiya na fara kwangila ba, rodi ko a duhu na taɓa na san milimita nawa ne, kawai dai wannan harkar ƙarfen zubi ce ban taɓa zurfafawa a cikinta ba.

Takardar aikin ta ce a sa murfin daktail, wato ƙarfen zubin da ba ya saurin fashewa, aji D400, tunda hanyar shiga gidajen ce motoci za su riƙa takawa. Ranar da muka haɗu, Talata ce ko Laraba, a'a Talata, don ranar na biya lebura, sai ya kife murfi ɗaya ya nuna min rubutun da yatsa ya ce "Alhaji kalli nan, D400, wannan D ɗin ai shi ne daktail". Har yanzu ina jin muryarsa a kunnena. Wannan D ɗin ai shi ne daktail. Na gyaɗa kai kamar ƙadangare! Ya ce in ɗaga in ji nauyi, mu biyu da yarona muka kasa ɗagawa da kyau, ya yi dariya ya ce orijinal kenan. A nan tsaye na yi masa tiransifa, miliyan 2 da dubu 220, alat ya shiga ya ce Allah ya sa albarka har da shafa addu'a.

Ashe D ba ruwansa da daktail. Injiniyan da ke duba aikin ne ya zaunar da ni kamar ɗan firamare bayan abin ya faru. D400 ajin ɗaukar nauyi ne a ƙa'idar Turai ta EN 124, wato murfin ya jure gwajin kimanin tan 40, akwai B125 akwai C250 na wuraren da ba sa shan nauyi sosai. Ba ya gaya maka wane irin ƙarfe ne. Kuma duk wanda yake da maƙerar zubi zai iya buga D400 a jikin komai, rubutu ai ba ya ɗaukar tifa.

Au ban ma faɗi yadda ya fashe ba. Tifar yashi ce ta shigo da baya, ko cika ba ta yi ba, ƙafar baya na hawa sai ji muka yi ƙas, murfin ya rabe gida 4 ya zube cikin ramin. Allah ya tsare taya ba ta nutse ba. Wannan na biyu ne ma, na farkon tun wajen sauke kaya ya tsage a gefe, na kira shi ya ce yaran mota ne suka jefar da shi, ni kuma na yarda. Nan ne ya kamata in farka, to tsautsayi.

Shi daktail ma'anarsa ƙarfen zubi mai lanƙwasuwa, yana ba da kai kafin ya karye. Da daktail da ƙarfen zubi na gama-gari da ake ce wa kas, duk akwai girafait a cikinsu, irin baƙin nan na cikin fensir. A kas na gama-gari girafait ɗin falle-falle yake kamar ɓawo, kowane falle kamar tsaga ce a ɓoye, shi ya sa in ya sha duka sai ya tarwatse ba gargaɗi. A daktail kuwa ana zuba ɗan sinadarin maganiziyam a narkakken ƙarfen, sai girafait ɗin ya dunƙule ya zama ƙwallo-ƙwallo. Wani Ba'amurke Keith Millis ya gano dabarar a 1943, shekara sama da 80 kenan amma ni sai da na yi asarar miliyan 2 da dubu 220 na sani. Sunansa a takarda DI ko SG ko GJS, misali GJS-500-7, ko a tsohon rubutun Jamusawa GGG50. In ka ga GG guda biyu kawai ko GJL, kas ne. Da na koma na duba rasit ɗin da ya ba ni, GG ya rubuta! G ɗaya ya rage min a kai ya tafi da kuɗina, gobe ko kotu muka je zai ce ai ya rubuta.

Nauyin nan ma da ya yi min romon baka da shi, injiniya ya ce sau da yawa na daktail ya fi sauƙin ɗagawa tunda ba sai an yi shi da kauri ba. Wani dattijo mai walda a Ƙofar Ruwa na kai wa gutsuren, ya ƙwanƙwasa da guduma ya ji sautin a dushe, ya kalli bakin karayar toka-toka kamar gawayi ya ce "ɗana wannan kas ne, na kirkin ƙara yake kamar ƙararrawa". Minti ɗaya bai ɗauka ba. Minti ɗaya!

Ku nemi takardar gwajin ƙarfe, ku tafi da guduma da wanda ya sani, kar ku biya duka kafin a gwada.

Sauran 9 ɗin mai aiki ya ce in tone su duka in sake da kuɗina. Sikirinshot na hirarmu da alat da hoton rasit ɗin mai GG zan ɗora da daddare in na samu caji, lauya ya ce in dakata da sunansa tukuna. Allah ya isa tsakanina da shi, har kuɗin motar kawo kayan dubu 40 ni na biya.