Gargaɗi ga direbobi da matafiya: eriyar da ake cewa tana kama tele mota na gudu

Assalamu alaikum ƴan uwa direbobin kar da na kamyo, da masu kat-kat da ke kwana a hanya, da waɗanda suka gyara bayan motarsu ya zama ɗakin kwana. Saƙon nan daga masu sana'ar kafa parabol da gyaran tele ne a nan Yamai, a kan wata haja da ake tallatawa a Facebook da TikTok da WhatsApp, wani lokaci ma a shigo da ita a hannu har cikin tasha.

Kayan dai wani farin kwano ne na roba mai murfi, da maganaɗisu a gindi, da doguwar waya, da filogin da ake sokawa a wurin kunna sigari. Mai tallan zai ce, "Alhaji, manna kawai za ka yi a rufin mota." Wai za ka kama tashoshin gida da na waje har da ƙwallon Turai, tun daga Yamai har Agadas, mota na gudu, ba abonma, ba intanet. A jikin kwalin an rubuta kilomita 500 ko fiye. Daga nan sai a ce saura guda biyu, a turo rabin kuɗi ta ajansi, a sako maka a kar. Wasu ba sa ganin kayan sam. Waɗanda kayan ya iso musu kuwa, in aka kwance sukurorin gindinsa, abin da ake tararwa shi ne zoben waya ko siririn farantin alminiyam, da ɗan ampli, da fitila ja mai kamawa don a ce abin na aiki, wani sa'in har da guntun ƙarfe da aka liƙa don ya yi nauyi a hannu. Eriyar ɗaki ce aka sa wa hula.

A mota, hoton tasha kai tsaye hanya uku kawai yake iya shigowa tele: daga dogon ƙarfen watsa shirye-shirye na ƙasa, wato TNT, ko daga tauraron ɗan'adam, ko ta intanet. Duk wanda ya zo maka da na'ura, fara tambayarsa ta wacce hanya take kamawa. In ya ce duka, ka riƙe kuɗinka.

TNT a ƙasashenmu tana tafiya ne a tsarin DVB-T2, a zangon UHF, daga megahaz 470 zuwa sama. Irin wannan sigina miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa. Lissafin da ake yi mai sauƙi ne: in ƙarfen watsawa ya kai mita 100, eriyarka kuma tana mita 3 a kan rufin mota, iyakar da za su iya "ganin" juna bai wuce kilomita 50 ba, kuma wannan a fili ne, ba tudu ba gini. Tsakanin Yamai da Doso kaɗai akwai kusan kilomita 140. Saboda haka ko eriyar ta zinariya ce, za ka bar gari hoto ya fara tsattsagewa, ya daskare, ya tafi, sai ka kusanci wani garin da ke da nasa ƙarfen. Ba ampli da ke gyara wannan. Ampli abin da ya samu yake ƙara wa ƙarfi, in hayaniya ya samu ita zai kumbura. Shi ya sa a menu za ka ga layin ƙarfin sigina ya cika, layin inganci kuma yana sifili, kuma na biyun ne ke ba da hoto. Ban da nisa, gudu ma matsala ce: dekoda ta gida an yi ta don eriyar da ke tsaye wuri ɗaya. Ta mota ta gaskiya tana da tiyuna, wato sashen da ke kama tasha, biyu ko huɗu, kowacce da eriyarta, ita ma cikin gari da kewaye take aiki.

To me ya sa abin ke kamawa lokacin gwaji? Domin a tsakiyar Yamai ake gwada maka, inda ko waya ka soka za ta kawo Télé Sahel. Ka gwada da kanka: yanko waya mai tsawon santimita 15, cire eriyarsa, soka wayar a tsakiyar ramin eriya na dekoda, ka sake neman tashoshi. In tashoshin da suka fito su ne dai waɗanda nasa ya kawo, ka ga abin da za ka biya kuɗi a kansa. Akwai kuma masu wayon da ya fi wannan. Za ka ga ƙwallo ko tashar waje tana tafiya tas, alhali filas ne a soke a bayan telen yana kunna abin da aka ɗauka tun jiya, ko kuwa akwatin yana shan intanet daga wayar salula da ke aljihun mai sayarwa. Maganin duka ɗaya ne. Ka zagaya bayan telen ka duba ramukan USB da HDMI, sannan hoto na tafiya ka cire wayar eriyar da hannunka. In hoton bai tsaya cikin ƴan daƙiƙu ba, ba daga eriyar yake zuwa ba. Ka kuma ce a sa tashar da ke nuna agogo ko labarai kai tsaye. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara "ba ka yarda da ni ba ne, maigida?" ya riga ya ba ka amsa.

Maganar tauraro ita ce inda aka fi cutar mutane, don kowa ƙwallo yake so. Taurarin tele suna can sama da kilomita 35,000 daga ƙasa, a saitin tsakiyar duniya. Siginar da ke isowa ba ta da ƙarfi ko kaɗan, shi ya sa ake buƙatar faranti ya tattara ta ya zuba a ƴar na'urar da ke gabansa, wato LNB. Farantin santimita 60 zuwa 90 a zangon Ku, wanda irin waɗannan taurarin ke watsawa a kai, faɗin ganinsa digiri 2 zuwa 3 ne kacal. Ka kauce da digiri ɗaya ko biyu, hoto ya tafi. Duk wanda ya taɓa riƙe parabol a kan soro ana yi masa kirari daga ƙasa "ya zo, ya tafi" ya san haka. Yanzu ka ɗora wannan a kan motar da ke shan kwana, tana faɗawa rami, tana bin kauce hanya tsakanin Tawa da Abalak. Kwanon roba marar inji a ciki, marar faranti, ba abin da zai kama. Kuma ko ya kama, tashoshin Canal+ a kulle suke, sai da dekodarsu da kati da abonma. Eriya ba ta buɗe kulle.

Gaskiya ne akwai na'urar da ke bin tauraro mota na tafiya. Cikin murfinta akwai faranti na gaske da ƙananan injina da na'urar da ke jin juyawar mota tana gyara saiti kowane lokaci. Ana sa ta a jiragen ruwa da motocin yawon buɗe ido na Turai, kuɗinta kuma daga miliyan na sefa ne zuwa sama. Wanda ya ce zai ba ka irinta a jika 40, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai kayan gwanjo da ke zuwa da motocin da aka sauke a Lome ko Kwatano. Nan kayan na gaske ne, ƙaryar a bakin mai sayarwa take. Kwanon da aka ciro daga motar yawo ta Amurka an yi shi ne don taurarin DISH ko DirecTV. Waɗanda ke digiri 101 da 110 da 119 yamma ba sa ma leƙowa sararin samaniyar Nijar, suna bayan ƙasa. Tele ta Amurka kuma tiyunarta ATSC ce, ba ta jin DVB-T2. Allon motocin Japan mai maɓallin TV shi ma nasa tsarin daban ne, ISDB-T. Tsofaffin dekodojin Turai da aka rubuta DVB-T kawai, ba T2, su ma ba za su kawo TNT ɗinmu ba. Ka karanta rubutun bayan na'urar kafin ka saurari bayanin kowa.

Akwatin "abonma har abada" kuwa intanet yake ci. Ba rezo, ba hoto, kuma kowa ya san yadda rezo ke ɗaukewa da zarar an bar gari. Inda akwai ma, kallon awa ɗaya yana lashe kusan giga ɗaya, mai kyan hoto ya ninka haka sau biyu ko uku. Tashoshin kuma na sata ne daga wata saba, wato babbar kwamfutar intanet, da ba ka san inda take ba. Ranar da aka rufe ta, lambar mai sayarwa ma a rufe za ka same ta.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin eriya ba, don haɗin wutar da suke yi yana ƙone kaya. Kar da kamyo volt 24 suke amfani da shi, kayan nan kuma na 12 ne. Wasu sai su ja waya daga batir ɗaya cikin biyun, wannan kuma yana sa ɗaya ya riƙa zubewa ɗaya yana cika fiye da ƙima, a ƙarshe duka biyun su lalace. Abin da ya dace shi ne konbata mai sauke 24 zuwa 12, na ampa 10. A ƙaramar mota ma, inji na aiki wutar tana hawa zuwa volt 14 da ɗoriya, telen da ba a yi ta don mota ba tana son regilata a gabanta. Fis na ampa 10 dole ne, kusa da kan batir, da waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5 (2.5 mm²). Wayar da ba fis in ta goge a jikin ƙarfe, gobara ce.

Wanda ke son kallo a hanya da gaske, a tsaye ake yinsa, wurin da aka yada zango. Kayan ba su da yawa: farantin santimita 80 ko 90, ƙafa uku ko bututun da aka kafe a cikin tsohuwar taya, LNB na yau da kullum, wayar parabol mita 10 zuwa 15 da kawunanta biyu, ɗan mita mai ƙara na neman sigina, dekodarka ta halal, da tele mai inci 19 zuwa 24. Abu na farko, bututun ya tsaya cak, a gwada shi da ma'aunin magina. In ya karkace, duk lissafin da ke biye ya ɓaci, kuma nan ne mafi yawan mutane ke ɓata awa guda suna zagin dekoda. Tauraron da Canal+ ke amfani da shi a yankinmu, SES-4, yana digiri 22 yamma. Daga Yamai ana fuskantar kudu maso yamma, wajen digiri 242 a kamfas, ɗagawa kuma kusan 58. A Tawa ɗagawar ta sauko zuwa kusan 54, a Agadas kusan 50. Wato saitin da ka ɗaure a gida ba zai yi maka a Tawa ba sai ka sassauta ka sunkuyar da shi kaɗan. Ka bi lambobin da ke jikin maƙalar farantin, kada ka bi ido, don irin farantin da muke amfani da shi yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa ke nunawa da kusan digiri 20 zuwa 25. Kamfas kuma a tsaya nesa da mota a duba shi, ƙarfe na ruɗa shi. Juyawa a hankali, ɗan kaɗan a dakata, don dekoda tana ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku kafin ta nuna. In an samu, a ɗaure sukurori bi da bi ana kallon layin inganci, a sa alama da fenti don gobe. Bishiya ko jikin kamyo a gaban farantin yana tare sigina, hadari mai nauyi na damina ma yana ɗauke ta na ɗan lokaci, wannan ba lalacewa ba ce. Lokacin iska a danne ƙafar da buhun yashi. Kuma a kashe dekoda kafin a ɗaura ko a kwance waya, don akwai volt 13 zuwa 18 a cikinta, in tsakiyar wayar ta taɓa ragar da ke kewaye da ita tiyuna na iya tafiya.

Tele da dekoda tare suna cin wat 40 zuwa 50, wato kusan ampa 4 a volt 12. Kallon awa huɗu ya kwashe ampa-awa 16. Batirin tayar da mota ba a yi shi don irin wannan zuƙa ba, in aka maimaita dare bayan dare wata safiya sai an tura. A sami batir na biyu irin na sola, a raba shi da na inji, a daina kallo in ya sauko wajen volt 12.2.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge komai. Ya ɗauki hoton tallan da shafin da hirarsu kafin a toshe shi, ya ajiye rasit ɗin ajansi mai ɗauke da suna da lambar wanda ya karɓa, da takardar kayan in ta kar aka aiko. In ba a riga an cire kuɗin ba, ya koma ajansin nan take ya nemi a dakatar. Sannan ya kai ƙara komisariya ko wurin jandarmomi, Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. Kwanon kuma kada a jefar, a tafi da shi da kwalinsa, a buɗe shi a gaban jami'in da ke rubuta ƙarar.