Mashaya huɗu a dare guda: yadda aka karɓi wanda ba ya shan giya

Ƙanena yana karatun harkar otal, kuma a makon da na kai masa ziyara aka ba su aiki su zaga mashaya su rubuto yadda ake karɓar baƙi. Sai ya sayo tikiti biyu na wani zagaye da ake yi da ɗan jagora: mashaya huɗu a unguwanni biyu masu maƙwabtaka da juna, tafiyar ƙasa, daga ƙarfe bakwai na yamma zuwa wajen sha ɗaya na dare, abin sha guda a kowane zango. Daga ni har shi babu mai shan giya. Abin da ya sa na yarda na raka shi layi ɗaya ne a shafin masu shirya zagayen, inda suka rubuta cewa akwai tanadi ga wanda ba ya shan barasa, ya dai sa alama a wani ɗan akwati lokacin sayen tikiti. Muka sa alamar. A kan wannan alkawari zan auna su, domin shi muka saya.

Na san akwai masu karatu da ko bakin ƙofar irin wannan wuri ba za su taka ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma akwai waɗanda aiki ko karatu ko rakiyar baƙi kan kai su, su zauna suna neman abin jiƙa maƙoshi ba tare da sun karya abin da suka riƙe ba. Da su nake magana.

Mu goma sha biyu ne a tawagar. Zangon farko tsohuwar mashayar unguwa ce, rufinta ƙasa-ƙasa, kantarta ta katako, gefenta ya suɗe ya yi santsi saboda gwiwar hannun mutane. Warin giya ya kama katakon wurin, kana shiga zai doki hancinka, wannan kam ba zan ɓoye ba. Dattijon da ke bayan kanta ya san sunan kusan duk wanda ke zaune, wani ma tun kafin ya buɗe baki an ajiye masa abin da ya saba sha. Da ɗan jagora ya nuna mu ya ce waɗannan biyun ba sa sha, dattijon bai yi wani mamaki ba. Ya ce abin da yake da shi kaɗan ne: ruwan soda da lemon tsami, tonik, sai lemon citta na kwalba. Sannan ya ɗauko wata kwalbar giya daga firji, irin wadda ake kira marar barasa, ya juyo bayanta ya sa yatsa a kan rubutun. An rubuta ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari. Ya ce in babu ko ɗigo muke nufi, to mu bar wannan.

Ƙanena ya ƙara mini bayani muna zaune. A Amurka, alal misali, doka ta yarda a rubuta wa giya cewa ba mai barasa ba ce muddin abin da ke cikinta bai kai kashi 0.5 ba, kuma ƙasashe da dama suna da irin wannan iyaka. Ke nan kalmar da ke gaban kwalba ba ta wadatar ba, sai an duba lambar da ke baya. Na zaɓi lemon citta. Dattijon ya buɗe shi a gabana, ya bar mini kwalbar kusa da tambulan. Babu wata gwaninta a ciki, amma na sha hankalina kwance, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Zango na biyu wurin kallon ƙwallo ne. Talabijin a kowane bango, ihu, kowa na magana babu mai jin wani. An miƙo mana lemo daga famfon kanta, zaƙi ya yi masa yawa, ƙanƙara ta cika rabin kofin. Minti talatin muka yi, ban ga abin da ya sa aka sa wurin a cikin zagayen ba.

Na uku shi ne wanda aka fi tallatawa, kuma a nan ne raina ya ɓaci. Ƙofarsa a ɓoye take bayan wani kabad na littattafai, sai ɗan jagora ya danna wani abu ta buɗe. Kafin mu shiga ya ba mu labarin cewa daga 1920 zuwa 1933 an haramta yin giya da sayar da ita a Amurka, masu sana'ar suka koma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da bayan shaguna, kuma wannan salon ake kwaikwaya yanzu don ado. Ciki duhu-duhu, kujerun fata, kiɗa a hankali, kwalabe jere har rufi. Saurayin da ke haɗa abin sha ya iya aikinsa, wannan ba na musu. Yana auna komai da ɗan ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, ya matse lemon tsami nan take, ya rufe gwangwanin girgizawa ya kaɗa shi kamar daƙiƙa goma sha biyu har raɓa ta fito a jikinsa, sannan ya tace a kan dunƙulen ƙanƙara guda, garai-garai kamar gilashi. Babbar ƙanƙara ba ta saurin narkewa, don haka abin shan ba ya yin salam tun ba ka kai rabi ba.

Namu ya zo a dogon tambulan, ja-ja, da reshen na'a-na'a a kai. Na ɗaga ke nan ƙanena ya riƙe mini wuyan hannu.

"Yaya, dakata. Ka ga 'yar kwalbar can mai murfi rawaya?"

Na duba. Ƙaramar kwalba ce, takardar jikinta ta yi mata girma har ta wuce kafaɗarta. Ya ce a kan idonsa saurayin ya kifa ta sau uku a cikin tambulan ɗinmu daga ƙarshe. Na roƙi a miƙo mini ita. Angostura ce, abin da suke kira bitas, wato ruwan ɗaci da ake ɗiga wa abin sha don ƙamshi. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya fara haɗa ta a 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela a matsayin maganin ciki, yau kuma a Tirinidad ake yin ta. A jikinta an rubuta ƙarara: kashi 44.7 cikin ɗari barasa ce. Ta fi yawancin wuski ƙarfi, don shi galibi a kashi 40 yake tsayawa. Masu yin ta ba su ɓoye komai ba, wanda ya ɗiga mana ita ne ya yi shiru.

Da na yi masa magana sai ya ce ai ɗigo uku ne kawai, ko yaro ba za su bugar ba. Ta fuskar lissafi bai yi ƙarya ba: ɗigo uku a cikin cikakken tambulan yawanci ba sa kai wannan kashi 0.5 ɗin. Kuma na fahimci inda sabon ya samo asali. Mintuna kaɗan kafin nan ɗan jagora ya faɗa mana cewa a 1806 wata jarida a garin Hudson na jihar New York ta bayyana koktel, wato abin sha na haɗi, da cewa barasa ce da sukari da ruwa da bitas. Tun daga tushe ruwan ɗacin nan yana cikin sana'ar, hannun mai haɗawa kan kai gare shi yadda hannun mai girki ke kaiwa ga gishiri. Sai dai ni ban ce masa ina tsoron buguwa ba. Cewa na yi ba na sha. Mai cewa haka yana iya zama saboda addininsa ne, ko mace ce mai juna biyu, ko mutum ne da ke kan magani, ko wanda ya sha wahala kafin ya rabu da giya kuma ɗanɗanonta kaɗai na iya tayar masa da tsohon ciwo. Saurayin nan bai san wanne ne ni a cikinsu ba, bai kuma tambaya ba, ya yanke hukunci a kan abin da zai shiga cikina.

Ya sake mana wani, ba tare da ya ce mu yi haƙuri ba. Na biyun ruwan lemo ne da soda kawai, an zuba an turo, kamar dai a sallame mu. Ɗan jagora yana tsaye yana kallo, abin da ya iya cewa shi ne haka ake yi a ko'ina.

Duk da haka, ba saurayin na fi ɗora wa laifi ba. Da na matsa da tambaya sai na gano alamar da muka sa a akwatin nan ba ta taɓa isa ga ko ɗaya daga cikin wuraren huɗu ba. Ɗan jagora ne kawai kan ɗaga yatsu biyu a bakin kanta ya ce biyu ba giya. Iyakar tanadin ke nan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: tunda sun rubuta alkawarin sun kuma karɓi kuɗi a kansa, aikinsu ne su zauna da kowace mashaya su fayyace mata abin da kalmar take nufi.

Saura kaɗan in ce mu koma masauki. Ƙanena ya ce mu daure mu ƙarasa saboda rahotonsa, kuma na gode da ya ce haka.

Zango na huɗu ɗan ƙaramin wuri ne a lungu, kujeru takwas a bakin kanta da tebur uku. Wata mata ce mai wurin, ita ke haɗawa da kanta. Kafin ta taɓa komai ta dube mu ta ce: babu ko kaɗan, ko kuwa kaɗan ba ya damun ku? Muka ce babu ko kaɗan. Ta juya ta ɗauko wani gwangwanin girgizawa da ma'auni da dogon cokali daga wani kwando daban, kowanne an naɗe masa koren zare a wuya. Ta ce waɗannan ba su taɓa haɗuwa da barasa ba. Ta jera abin da za ta zuba a gabanmu, kwalba-kwalba, tana faɗin sunan kowanne.

Abin da ta ba ni har yanzu ina jin sa a harshena. Akwai wani tsimi da take yi da 'ya'yan itace da sukari da khal, a bar su su kwana biyu su saki ruwansu, a tace. Ta auna shi, ta ƙara baƙin shayi mai sanyi da aka dafa da kauri, ruwan ɗanyar citta da ta matse, ɗan lemon tsami, da gishiri ɗan mitsitsi a bakin cokali. Ta kaɗa, ta tace, ta cika da soda, sannan ta murɗa ɓawon lemo a saman tambulan har man jikinsa ya fesa, ta goga shi a baki. Kurɓar farko tsami ne, sai zafin citta ya biyo a maƙoshi, sai ɗan bauri na shayi ya tsaya a baya. Ba ya shayuwa da gaggawa, dole ka kurɓa ka ajiye.

Na tambaye ta dalilin wannan haɗi. Ta ce barasa tana ba abin sha nauyi a baki da ɗan ƙuna a maƙoshi, in ka cire ta ba ka mayar da komai ba, abin da ya rage ruwan zaƙi ne, shi ya sa yawancin wurare ke cika wa marasa sha sukari. Ita takan cike gurbin da tsami da ɗaci da yaji da bauri. Ɗaci ma tana da nata ruwan, wanda aka jiƙa a gilisarin, wani ruwa mai kauri da ɗan zaƙi, maimakon barasa, ta nuna mini takardar jikinsa na karanta. A kan kantarta akwai kwalabe irin su Seedlip, wanda ya fito a Ingila a 2015, da wasu makamantansa da ake tallatawa a madadin barasa. Ta ce ba ta zuba wa mai irin buƙatarmu su sai ta tambaye shi, domin wasu kamfanonin da barasa suke fara jiƙa ganyayyakin sannan su cire ta, kuma akwai wanda ko wannan bai kwanta masa ba. Tambayar ba ta ɗauke ta daƙiƙa biyar ba. Ƙanena ya cika shafi biyu na littafinsa a wurin nan kaɗai.

Sauran abubuwan zagayen ba su da laifi sosai. Tafiyar da ke tsakanin zango da zango ba ta wuce minti goma, hanyoyin da haske, kuma ɗan jagoran ya san tarihi, yana kuma ƙirga mutanensa kafin a bar kowane wuri. Amma mutum goma sha biyu sun yi yawa ga ƙananan wurare, a na huɗun rabin tawagar a tsaye suka sha. Daga zango na uku kuma muryoyi suka fara tashi, hira ta fara maimaita kanta, wanda bai sha ba zai ji dare ya yi masa tsawo. Wannan ma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani tun daga gida.

Ga mai shan giya ba ni da abin cewa, ban ɗanɗana abin da aka ba su ba. Ga wanda ba ya sha, ba zan ce ya sayi wannan tikiti ba yadda yake a yanzu. In dole ta kai shi irin waɗannan wurare, ya zauna a bakin kanta inda zai ga hannun mai haɗawa, ya ce babu barasa kuma babu bitas, ya faɗi na biyun da sunansa, in an kawo kwalba ya karanta bayanta.

Washegari na rubuta wa masu shirya zagayen, na zayyana musu abin da ya faru a zango na uku, na kuma yaba wa dattijon farko da matar ƙarshe. Bayan kwana huɗu suka amsa da haƙuri, suka ce za su ƙara akwati na biyu a shafin tikiti ga masu son babu ko ɗigo, kuma za su riƙa aika wa mashayun da jerin waɗanda suka sa alama tun da rana. Na ce wa ƙanena ya riƙa dubawa. Jiya da muka yi waya ya ce akwatin har yanzu guda ɗaya ne.