Sharhi: Sabon tarago R211 da tsohon R46 a layin A na New York

A birnin New York akwai mutanen da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya zame musu abin so na haƙiƙa. Za ka gan su a ƙarshen dandamali riƙe da kyamara, jirgi ya zo ya buɗe ƙofa su ƙi shiga, domin ba irin taragon da suke jira ba ne. Kowane samfurin tarago yana da lambarsa, wato lambar kwangilar da aka saye shi da ita, irin su R32, R46, R160 da R211, kuma masoyan nan sun haddace su har da shekarar ƙira da kamfanin da ya ƙera. Ni ma layin A ne ya ja ni cikin sahunsu, don shi ne hanyata ta neman abinci daga Harlem zuwa Far Rockaway, tafiyar da ta haura awa guda. Na daɗe ina hawa R46, yanzu kuma R211 ya karɓi layin. Hukuncina shi ne R211 ya fi tsohon a kusan duk abin da za a iya aunawa, amma an ƙera shi ne don mai gajeriyar tafiya a tsaye, kuma mai doguwar tafiya ya yi rashin abin da ba a mayar masa ba.

Bari in fara da sabon. Kamfanin Kawasaki ne ya samu kwangilarsa a 2018, tarago 535 a zubin farko, ana ƙera su a Lincoln ta jihar Nebraska da kuma Yonkers, nan arewa da Bronx. Daga baya aka ƙara oda har jimillar ta kai 1,610. Jirgin farko ya fara ɗaukar fasinja ranar 10 ga Maris, 2023, a layin A. Tun daga nesa ake gane shi: goshinsa shuɗi, fitilunsa farare tas, harafin layin kuma yana haske a sama yadda ko daga tsakiyar dandamali za ka san A ne ko C ke tafe.

Abin da ya fi burge ni a jikinsa ƙofofi ne, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi lissafi, don a nan duk hikimar ƙirar take. Dandamalin yawancin layukan haruffa, wato irin su A da C, yana ɗaukar jirgi mai tsawon ƙafa 600. R46 tsawonsa ƙafa 75, saboda haka tarago 8 ne ke cika jirgi, kowanne da ƙofa 4 a gefe ɗaya, ƙofa 32 ke nan. R211 ƙafa 60 ne, tarago 10, ƙofa 40. Sannan faɗin ƙofarsa inci 58 ne, alhali wanda aka saba da shi inci 50. Inci 8 kamar ba wani abu ba ne a takarda, sai ka tsaya a tashar Fulton Street da yamma ka gani da idonka. A tsohon jirgi masu sauka sai sun gama fita ɗaya bayan ɗaya kafin masu shiga su motsa, kwandasta yana ta rufe ƙofa tana kama jakar wani tana sake buɗewa. A sabon, mutum biyu na fita kafaɗa da kafaɗa, mai keken guragu ko uwa mai tura keken jariri ta shige ba tare da roƙon kowa ba. 'Yan daƙiƙun da jirgi ke ragewa a kowace tasha su ne ke taruwa su hana na bayansa tsayawa a cikin rami yana jira.

A jikin ƙofar akwai fitila mai nuna ɓangaren da zai buɗe, abin da ke taimakon baƙo da kurma ƙwarai. Allunan ciki suna nuna tashar da ake, da wadda ke gaba, da layukan da za a iya canzawa. Na ga wata dattijuwa, daga shigarta na san 'yar Afirka ta Yamma ce, tana bin allon da yatsa tana ƙirga tashoshin da suka rage mata, ba ta tambayi kowa ba har ta sauka. A R46 da sai ta dogara da muryar kwandasta, wadda ƙarar ƙarfe kan haɗiye rabinta. Akwai kyamarorin tsaro a kowane tarago. Sandunan riƙo na tsakiya an raba su biyu, hannaye da yawa na samun wuri ba tare da hannun wani ya hau na wani ba. Sanyin na'ura a watan Yuli yana isa ko'ina. Tashi da tsayawa ma babu fizga.

Akwai dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi, ko da yake fasinja ba ya ganinsa. Tsohon tsarin sigina yana raba layin dogo gunduwa-gunduwa, ba a barin jirgi ya shiga gunduwar da wani ke ciki, dole a bar tazara mai yawa. Sabon tsarin da ake kira CBTC yana sa jirgi ya riƙa sanar da kwamfuta inda yake ta rediyo a kowane lokaci, sai a iya matso da jirage kusa da juna lafiya lau. Layin L da layin 7 sun riga sun koma kansa, ana kuma aikin kawo shi layin A da C. R211 an ƙera shi da shirin wannan tsari. Taragon da ya kusa shekara 50 ba wanda zai kashe masa kuɗin sabuwar na'ura. Duk son da nake wa R46, wannan hujja ba ta da amsa.

To, me ya sa har yanzu idan aka tambaye ni wanda na fi so nake cewa R46?

Kujera ce. Kamfanin Pullman Standard ya ƙera tarago 754 tsakanin 1975 da 1978, a zamanin da ake ganin fasinja a matsayin mai zama. Kowane tarago yana da kujera kusan 70, ruwan lemo da rawaya, bangon ciki kuma an yi masa ado da abin da ya yi kama da katako, hasken fitila mai ɗan ja-ja. Wasu kujerun suna jingine da bango, wasu kuma bibbiyu suna kallon gaba ko baya, a manne da taga. Waccan ta lungu, ta jikin taga, ita ce kujerar da duk masoyin R46 ke magana a kai. Ka zauna kafaɗarka na jikin gilashi, babu mai bi ta gabanka, babu jakar da ke lilo a saitin fuskarka. Gaskiya ne mai dogayen ƙafafu gwiwarsa kan taɓa cinyar wanda ke zaune a kujerar gefe, sai an ɗan karkace. Amma daga tashar 125th Street, inda jirgi ke sheƙa gudu ba tsayawa har 59th Street, mutum na iya buɗe Alƙur'aninsa a waya ko ya runtsa ido, ya san ba mai tashinsa.

Daɗin kujerar yana cika ne bayan tashar Howard Beach. A nan jirgi ya riga ya fito daga rami, sai ya hau kan ruwan Jamaica Bay. Ruwa dama, ruwa hagu, tsuntsaye a kan ciyayin fadama, jiragen sama suna saukowa filin JFK ɗaya bayan ɗaya, sannan gidajen Broad Channel da wasunsu ke tsaye kan turaku a bakin ruwa. A R46 kana fuskantar wannan duka, yana zuwa maka ta taga. A R211 duk kujerun jere suke a jikin bango, shuɗi da rawaya, bayanka ne ke kallon taga, fuskarka kuma na kallon cikin wanda ke tsaye. In kana son ganin ruwa sai ka murɗa wuya ko ka miƙe ka tsaya a ƙofa. Tagogin ma sun ƙanƙance, domin ƙofa mai faɗi tana buƙatar wurin shigewa a cikin bango idan ta buɗe, kuma wurin daga taga da kujera aka yanko shi.

Yawan kujerun ya ragu sosai, wasu ma na naɗewa ne don a bar fili ga keken guragu, wanda wannan daidai ne, ba ni da ja. Amma layin A ya fi kowane layi tsawo a birnin, ya haura mil 30 daga Inwood zuwa Far Rockaway, kuma waɗanda ke zaune a ƙarshensa galibi masu ƙaramin ƙarfi ne: masu jinyar tsofaffi a gidaje, masu gadi, masu aikin dare. Matar da ta kwana a tsaye tana aiki, ta shiga jirgi a tsakiyar Manhattan, tana iya kaiwa tsakiyar Brooklyn kafin ta samu wurin zama. Ƙirar da ta dace da mai tasha uku ba lallai ta dace da mai tasha talatin ba. Da za a ji tawa, da an bar ko da kujeru huɗu masu kallon gaba a ƙarshen kowane tarago na dogayen layuka.

Kada a ɗauka R46 bai da laifi. Tun yana sabo aka gano tsagewa a firam ɗin ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafunsa, wanda kamfanin Rockwell ya ƙera, har maganar ta kai kotu kuma aka sauya su. Tsawonsa ya hana shi bin wasu layuka masu matsattsiyar kwana, kamar J da L. Saboda tsawon nan ne kuma ake kulle ƙofofin da ke tsakanin tarago da tarago, don a kwana bakunansu kan goce wa juna. Ma'ana idan ka shiga taragon da wani abu bai yi maka ba, kana nan har tasha ta gaba.

Wannan matsala ce samfurin R211T ya zo magancewa. Tarago 20 aka fara kawowa na gwaji, suka fara aiki a layin C ranar 1 ga Fabrairu, 2024, daga baya aka kai irinsu layin G. Babu ƙofa tsakanin taragai, sai wata mahaɗa mai lanƙwasa irin ta doguwar bas mai gaɓa biyu, kana iya takawa daga tarago zuwa tarago a cikin rukunin guda biyar. Na tsaya a kan mahaɗar da gangan: farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafa yana juyawa a hankali idan an shiga kwana, ka hango taragon gaba ya karkata sannan ya miƙe. Cunkoso yana bajewa da kansa, kuma da dare mace ita kaɗai tana iya matsawa inda jama'a suke. Illarsa ita ce hayaniya ko wari daga wuri guda yana bin jirgin. Duk da haka na fi son sa a kan R211 mai ƙofa a tsakani. Landan da Paris sun daɗe da irin wannan ƙira.

Idan ka zauna da tsofaffin masoya jirgi kuwa, za su ce maka daga ni har masu son R211 ba mu san jirgi ba, R32 shi ne sarki. Kamfanin Budd na Philadelphia ya ƙera 600 a 1964 da 1965, da ƙarfen da ba ya tsatsa, jikinsa gurza-gurza daga sama har ƙasa, ana yi masa laƙabi da Brightliner saboda ƙyallinsa. Ya ga bayan samfura da dama da aka ƙera bayansa, bai yi sallama ba sai Janairun 2022. Abin da suke kewa shi ne tagar gaba. Ɗakin direba a lungu ɗaya yake, don haka fasinja na iya tsayawa a goshin jirgi ya ga rami yana tahowa, fitilun sigina kore da ja, da inda layuka ke rabuwa. Na samu hawansa a layin C a ƙarshen zamaninsa, yana ƙara yana girgiza, amma wannan taga ta isa ta sa yaro ya ce shi direban jirgi zai zama. Sababbin samfura ɗakin direba ya cinye faɗin goshin gaba ɗaya.

'Yan'uwanmu na Bronx, musamman 'yan Zangon Ghana da mutanen Nijar da ke kewayen titin Grand Concourse, su layin D da layin 4 suka sani. Na D shi ne R68 na shekarun 1980, ƙafa 75 shi ma, da kujerun lemo da rawaya masu kallon gaba, don haka duk abin da na faɗa kan kujerar taga suna da irinsa. Na 4 kuwa R142 ne da ɗan'uwansa R142A, siraran taragai, domin ramukan layukan lamba, waɗanda na farkonsu aka buɗe a 1904, sun fi matsi. R160 da Alstom da Kawasaki suka ƙera har 1,662 jirgi ne mai aiki tuƙuru, ba shi da abin zargi, sai dai ban cika jin wanda ya kira shi abin ƙaunarsa ba. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Wanda ya zo New York yana son ganin tsofaffin da idonsa, ya je gidan tarihin sufuri da ke Brooklyn, a cikin tsohuwar tashar Court Street da aka daina amfani da ita. Taragai na nan jere a kan layin dogo, ana shiga a zauna, har da masu kujerun saƙa da fanka a rufi. A watan Disamba kuma akan fito da taragan shekarun 1930 su ɗauki fasinja a kan kuɗin jirgi na yau da kullum.

Shawarata ga mai hawa layin A: idan da kaya kake, ko da yara, ko lokacin tashi daga aiki ne, R211 zai fi yi maka sauƙi nesa ba kusa ba. Idan Rockaway za ka, ka tabbata jirgin da ka shiga na Far Rockaway ne, don wani A ɗin Lefferts Boulevard yake nufa, ba ya bi ta kan ruwa. Ka nemi taragon farko ko na ƙarshe, can ne aka fi samun kujera. R46 kuma ana ta janye su daga aiki yayin da sababbin ke isowa, saboda haka wanda bai taɓa zama a kujerar lungun nan ba, idan ya ci karo da ɗaya ya shiga, in bai samu ba ya nemi R68 a layin D.