Lesin ɗin jiyoloji da na sa ƙanwata a Yaba: abin da na gani da idona

Salamu alaikum jama'a. Iyaye biyu uku a nan Idi-Araba a Legas sun tambaye ni wai wurin lesin ɗin da na sa ƙanwata ya yi kuwa ko asarar kuɗi ce, shi ne nace bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama suna ba, wuri ne a saman wani shagon fotokwafi can wajen Yaba, malami ɗaya ne da allo da benci huɗu.

Ƙanwata tana aji uku a jami'a, jiyoloji take karantawa, wato ilimin duwatsu da ƙasa. Akwai kwas ɗin da ya hana ta barci, na zamanin ƙanƙara da yadda ake gane shekarun tarkacen da ƙanƙara ta bari a kwarin manyan duwatsu. Wata rana ta dawo tace min "Yaya wallahi hadda kawai nake yi, ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin kula ba ta yaya zan gane wai ƙanƙara na tafiya kamar kogi?" Maganar ta tsaya min a rai. Ƙawarta ce ta ba mu labarin malamin, mutumin Jos ne, da Turanci yake koyarwa amma idan yaga fuskar ɗalibi ta ɗaure sai ya juye Hausa.

Ranar da na fara shiga ban yi niyyar zama ba, na zo ɗaukarta ne ruwa ya tsuge, kun san Yaba idan aka yi ruwa, sai yace in shigo in zauna a bencin baya. Na tarar ya sayo katon bulon ƙanƙara irin na masu sayar da lemo, amma shi da kansa ya sa aka daskarar masa da yashi da tsakuwa da ɓaraguzan dutse a ciki. Ya jingina wani falankin katako da ya shafa wa laka, ya ɗora ƙanƙarar yana turawa a hankali, tana kankare lakar tana tara ta a gabanta, tsakuwar da ke ƙasanta tana jan layi a jikin katakon. Da ya kai tsakiya sai ya bar ta nan ta ci gaba da narkewa muna darasi. Kafin a tashi ƙanƙarar ta ragu sosai, ga wani ɗan tudu mai lanƙwasa kamar jinjirin wata ya tsaya daidai inda bakinta ya kai. Yace to wannan shi ne moren, tudun tarkace, duk inda kuka gan shi ya gitta kwari to nan ƙanƙara ta taɓa tsayawa.

Ni sana'ata kai yashi da tsakuwa wa masu gini, shekara da shekaru ina bin tifa, don haka da na leƙa tudun nan take na gane abin da yake nufi. Yashin da ake haƙowa daga lagun ruwa ya riga ya tace shi, ƙwayarsa kusan ɗaya ce, dutsen rafi kuma sumul yake. Wannan kuwa a cakuɗe yake, laka da yashi da manyan gutsattsari masu kaifi duk wuri ɗaya, ƙanƙara ba ta zaɓe, abin da ta ɗauko shi take zubarwa. Na faɗa masa haka yace "Alhaji ka amsa tambayar jarrabawa", ya sa ɗaliban suka rubuta.

Daga nan na riƙa zuwa da wuri da gangan. Sati na biyu ya shiga maganar shekaru, ya fara da kabon-14, wani sinadari da ake auna shekaru da shi, kuma bai fara da Turai ba, da kwalekwalen Dufuna ya fara, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi a jihar Yobe a 1987 yana haƙar rijiya, aka auna aka samu ya kai shekara 8,000. Duk abu mai rai yana ɗaukar kabon-14, idan ya mutu sai ya fara raguwa, rabi na tafiya duk shekara 5,730, idan an wuce shekara 50,000 abin da ya rage ba ya aunuwa. Wani Ba'amurke Willard Libby ne ya fito da hanyar, har ya samu kyautar Nobel a 1960. Matsalar ita ce dutse ba shi da rai, can saman tsauni kuma itace ba shi da yawa. Sai dai idan tudun ya tare ruwa ya zama tafki a haƙo lakar can ƙasa a auna ganyayen da ke ciki, wannan zai ce maka tudun ya girmi kaza, idan kuma an yi sa'a ƙanƙarar ta danne wani kututture a ƙarƙashinta to tudun bai kai shekarun kututturen ba. Yace su riƙe wannan bambancin da kyau don nan ɗalibai ke zubar da maki.

Wanda ya fi kama ni shi ne na beriliyam-10. Akwai haskoki masu ƙarfi da ke zubowa daga sararin samaniya dare da rana, idan suka bugi farin dutsen nan mai ƙyalli da ake ce wa kwatz sai su haifar da wannan sinadarin a cikinsa, kaɗan ƙwarai, kusan ƙwayar zarra 4 a kowane giram a shekara idan a bakin teku ne, a saman tsauni ya fi haka, kuma ba sa ratsa dutse fiye da mita biyu zuwa uku. Kenan dutsen da ƙanƙara ta ɓalle daga cikin ƙasa agogonsa bai fara ba sai ranar da ta yar da shi a fili. Masu bincike sai su hau tudun da guduma da kurfi su sassaƙo saman katon dutse, a kai ɗakin gwaji a ƙirga yawan sinadarin da ya taru a ciki. Da haka aka auna tudun da ke kwarin Mubuku a tsaunin Ruwenzori na Yuganda, aka samu sun haura shekara 20,000, wato lokacin da ƙanƙara ta kai ƙarshen yaɗuwarta a duniya, har teku ta yi ƙasa da wajen mita 120. Da ya faɗi haka sai ya nuna taga yace a lokacin Legas ba a bakin ruwa take ba, sai ka yi tafiya mai nisa kudu kafin ka ga teku. Ajin ya yi tsit.

Abin da ya sa nace kuɗina bai faɗi ba shi ne aikin da ya ba su bayan nan. Ya ƙirƙiri lissafin gwaji a allo, duwatsu biyar a kan tudu ɗaya, uku sun ba da kusan shekara 21,000, ɗaya 13,000, ɗaya 38,000, yace wanne za ku yarda da shi? Wani yaro yace a haɗa a raba biyar, malam ya girgiza kai. Ƙanwata ce ta ɗaga hannu tace mai ƙarancin shekarun ƙila ƙasa ce ta rufe shi sai daga baya ruwa ya tone shi, ko ya mirgina ya juya fuska, mai yawan kuma ya daɗe yana shan hasken a jikin tsauni tun kafin ƙanƙara ta ɗauko shi. Yarinyar da wata ɗaya baya take cewa hadda take yi! Wallahi sai da idona ya cika.

Ya taɓo sauran hanyoyin a gurguje, na yashi da ake ɗiba cikin baƙin bututu don kada rana ta gan shi, da na auna faɗin gansakukar da ke manne a dutse, wanda ya fi amfani ga tudun da ba su daɗe ba. Ya kuma ce har a tudun Jado na Nijar da kudancin Aljeriya akwai sawun ƙanƙara a jikin dutse na wajen shekara miliyan 445, lokacin da yankin ke kusa da ƙuryar kudu ta duniya, sai dai waɗannan sun fi ƙarfin duk hanyoyin da ya lissafa. A ganina nan ya yi sauri da yawa, na yashin musamman, ƙanwata sai da ta koma ta sake tambayarsa.

Yanzu aibin wurin, don amana ce. Ɗakin ƙarami ne, mutum goma sha biyu sun cika shi, idan NEPA suka ɗauke wuta janareton mai fotokwafi na ƙasa ba ya barin na baya ya ji komai. Malam yana makara, sau biyu muna jiransa fiye da rabin awa, yace gosulo ne, to mu ma ta cikin gosulon muka biyo. Takardun da yake rabawa hotunan sun dushe, hoton kwari da tudu duk ya zama baƙi, abin da ya kamata ya turo musu a WhatsApp kawai. Babu wurin alwala mai kyau, mata sai sun sauka ƙasa su tsallaka titi idan la'asar ta yi, na yi masa magana yace zai ajiye buta da darduma, buta ta zo darduma har yanzu shiru. Kuɗin ma ba arha ba, na wata ɗaya ya kai abin da nake kashewa a mota sati biyu, amma yana karɓa kashi biyu idan ka yi masa bayani.

Wanda ɗansa ke neman tambayoyin shekarun baya kawai ya haddace, wannan wurin ba zai gamsar da shi ba, malamin ba ya yin haka. Wanda kuma yake son yaronsa ya gane, ya je da wuri ya kama bencin gaba saboda ƙarar janareto. Ni dai na biya na wata mai zuwa jiya, kuma na yi alkawarin kawo masa buhun yashin lagun da na tsakuwar Abekuta ranar Asabar don yana so ya jera su kusa da tarkacen ƙanƙararsa sababbin ɗalibai su taɓa da hannu.